Motar da Ta Yi Kuka Ba Kowa a Cikinta

Wata safiyar Litinin ce a tsakiyar bazara, shekarar da nake aji huɗu na firamare a Tsafe. Na gama sharar tsakar gida ke nan, ina tsugune a bakin rijiya ina wanke ƙafafuna, Umma tana kwashe koko a murhu, ƙanena Bello yana neman takalminsa ɗaya kamar yadda ya saba kowace safiya, sai motar Baba ta fasa kuka. Ba irin ɗan taɓa hon ɗin nan da Baba kan yi ba in ya iso ƙofar gida. Kuka ne dogo, ba tsayawa, ba numfashi. Kaji suka watse, akuyarmu ta tsinke igiya ta yi waje, maƙwabta suka fara leƙowa ta kan katanga. Baba ya fito daga bayan gida da buta a hannu, ya zagaya motar yana leƙen tagogi. Ba kowa a ciki, makullin ma yana aljihun rigarsa da ke rataye a ɗaki. Sai da ya ɗaga bonet ya cire kan batir sannan ta yi shiru. A cikin shirun nan ne muka ji muryar kakata daga ƙofar ɗakinta, a hankali, kamar da kanta take magana: "Motag ga ta san abin da ba ku sani ba."

Kakar tawa mahaifiyar Baba ce, kuma duk gidan Inna muke ce mata, don haka muka tashi muka ji yana kiranta. A 'Yankuzo ta yi rayuwarta, tana noman gyaɗa da kuɓewa a gefen gonar kakanmu, har ciwon yanar ido ya rufe mata idanu duka biyu. Tun ina ƙarama ƙwarai abin ya fara, yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan, har ta kai ba ta bambance komai sai haske da duhu. Bayan girbin shekarar nan ne Baba ya matsa ya ɗauko ta ya dawo da ita wurinmu, da tabarmarta da ƙullin kayanta da mitarta. Gidan gari bai taɓa yi mata ba. Ta ce gida ne da ba rumbu, komai a buhu, komai a fili, abin da aka shigo da shi da safe kafin magariba ya shige ciki. Ba ta yi mana ƙarya ba, don ni da Bello ba abin da ke tsira a hannunmu in dai ana taunawa.

Ni aka ba ta. Ni ce sandarta, ni ce idonta. In za ta yi alwala ni ke kai ta, in za ta shiga maƙwabta gaisuwa hannunta na kan kafaɗata, ni ke zura mata zare a allura duk da ba ta ganin abin da take ɗinkawa, ni ke faɗa mata wanda ya yi sallama tun kafin ya ƙaraso. Ina sonta, amma ba zan ɓoye ba, akwai yammacin da nakan ji ƙawayena suna carafke a ƙofar gida, duwatsun suna ƙara a kan siminti, ni kuwa ina zaune ina tsince mata tsakuwa a cikin wake, raina kamar ya fita. Wuri ɗaya ne take sallamata. In la'asar ta yi sanyi takan ce in kai ta bayan motar Baba, in ɗaga mata ƙofar baya wadda makullinta ya daɗe da lalacewa, ta zauna a bakin but ɗin ta saki ƙafafu, ta ce nan ne iska ta fi kaɗawa. Daga nan sai ta ce, "Tahi ki yi wasanki, Kulu." Ba na jira ta faɗa sau biyu.

Motar kuwa tsohuwar jif ce, doguwa, mai faɗin ƙirji, ta hannu Baba ya saya a Gusau bayan ta ga duniya. Shi malamin gona ne, aikinsa shiga ƙauyuka, kuma hanyoyinmu na damina ƙaramar mota ba ta bin su. Ta ɗauki taki, ta ɗauki buhunan dawa, ta ɗauki amare da masu naƙuda, ta taɓa ɗauko ɗan maraƙi daga Magami. Mu yara mun sa mata suna Gwaggo, saboda sai an lallashe ta take tashi da safe, kuma in ta tashi sai ta yi guna-guni kafin ta motsa. Amma duk tsufanta ba ta taɓa yi mana abin kunya ba, sai a wannan makon, makon da aka fi bukatarta.

Abin da ya faru shi ne, ranar Lahadi da yamma, kwana ɗaya kafin kukan, Baba ya zauna a gaban Inna ya faɗa mata cewa wasu likitocin ido sun sauka a Gusau, suna cire yana, kuma ba za su wuce ƙarshen mako ba. Ya ce ya ga wani tsoho da aka yi wa, ya shiga ana jansa, ya fito yana karanta lambar mota. Inna ta saurara har ya gama, ta ce Allah ya kai mu. Duk wanda ya san ta ya san tsoro take ji. Mace ce da ta kashe maciji da taɓarya, amma maganar a sa mata wuƙa a ido ta fi ƙarfinta. Tana neman abin da za ta riƙe ta ce a'a, sai ga mota ta yi kuka da safe ba kowa a cikinta. A wurin Inna magana ta ƙare. An yi zancen tafiya da yamma, gari ya waye abin hawan ya yi kururuwa, wane bayani kuma ake jira? Baba ya ce to a bar jif ɗin, za su hau motar haya. Ta ce ba motar aka hana ta ba, tafiyar aka hana ta. "Ba ni zuwa," in ji ta, ta juya fuskarta bango.

Baba mutum ne da ba ya son camfi ko kaɗan. Da ni ce ko Bello muka faɗi haka, da mun sha faɗa har da jan kunne. Amma uwa ce. Ba ya iya ɗaga mata murya, ba ya iya ɗaukarta ya sa a mota kamar buhu. Abin da ya iya faɗa kawai shi ne, "Inna, waya ce, ba komi ba." Ita kuma ta ce in waya ce a nuna mata. Daga ranar na ga Baba ya zama wani iri. Ba ya zama cin abinci, yana tsaye yake kurɓar koko, idonsa na kan motar.

Ya fara kai ta wurin mai gyara a nan Tsafe. Aka duba aka ce fis ne, aka canza, aka cire wayar hon ɗin gaba ɗaya don kada ta sake tara mana jama'a. Muka ce an huta. Da magariba muna alwala sai fitilun bayanta suka kama da kansu, jajaye, suna haska bangon ɗakin girki. Inna ba ta gani ba, amma Bello, wanda bakinsa ba ya riƙe ko ruwa, ya ruga ya kai mata labari da ƙari. Da gari ya waye batir ya mutu murus. Ni da Bello da 'ya'yan maƙwabta muka tura ta da kayan makaranta a jikinmu har bakin titi kafin ta tashi, na isa aji a makare, hijabina duk baƙin hayaƙi. Kafin a fita tara labari ya riga ni zagaya makaranta. Muna layin sayen awara wata yarinya ta ce wai motarmu aljanu ke tuƙa ta, har sun je da ita kasuwa sun dawo. Ban san lokacin da na watsa mata yajin awarata ba, ranar kuma na share ajinmu ni kaɗai bayan an tashi.

Baba ya wuce da ita Gusau, aka ce batir ne ya tsufa, aka sa sabo, aka canza wani abu a wurin makulli. Ta dawo lafiya lau har ƙofar gida, tana shiga ta mutu. Washegari ta tashi kamar ba ita ba, amma in ya taka birki sai sigina ta kama ƙyaftawa, in ya kunna sigina sai fis ya ƙone. Wani mai taimako ya ba shi shawarar a naɗa zaren waya a madadin fis ɗin, tunda shi ba ya ƙonewa. Aka naɗa. Bai yi nisa ba ya ji ƙaurin roba, hayaƙi yana fitowa ta ƙarƙashin kujera, ya tsaya ya fizge kan batir da hannu har ya ƙone a yatsa. Mata suka yi ta shigowa jaje kamar an yi rashi. Wata ta kawo turaren da za a yi wa motar, wata ta ce ai wanda ya sayar da ita ne bai yafe ba. Sannan ga magenmu, wata baƙa mai farin wuya, wadda da ba ta da wurin kwana sai bayan murhu, ta tare a gindin tayar baya ta hagu, ta ƙura wa motar ido, ko an kira ta da kan kifi ba ta tashi. Wannan ma aka kai wa Inna. Ta gyaɗa kai ta ce ai mage tana ganin abin da mutum ba ya gani.

Kwanaki suna tafiya. Ina jin Umma da Baba suna magana ƙasa-ƙasa a ɗaki, cewa in likitocin nan suka tafi ba wanda ya san ranar dawowarsu, kuma yanar in ta daɗe da yawa aikin yakan yi wuya. A lokacin ne na fara fahimtar cewa ba wasan carafke kaɗai zan rasa ba. Inna za ta mutu ba ta ga fuskata ba. Ta san ni da murya da tsawon kafaɗa, ta san kitson kaina da yatsunta, amma yarinyar da ke cikin idonta wata jaririya ce mai rarrafe. Na shiga bayan ɗaki na yi kukana ba wanda ya sani.

Ana gobe ranarsu ta ƙarshe Baba ya ce zai kai motar Bungudu, wurin wani abokinsa tun na ƙuruciya, Malam Isa mai wayarin, wanda ba ya taɓa inji, wutar mota kawai yake yi. Ya shiga ya faɗa wa Inna. Sai ta kira ni.

"Kulu, ke za ki bi shi," ta ce. "Maza in sun ga tsohuwa ta tsorata, daɗin baki sukan yi mata. Ki buɗe idonki ki gano mini. In akwai abin da ya sa ta kuka, ki kawo mini shi in taɓa da hannuna. In na taɓa, in tahi."

Baba bai ji haushi ba, ko kuma ya ji ya haɗiye. Ya aika Bello ya faɗa wa malaminmu, ni kuma na sa kayan sallata na hau gaba, ina jin kaina kamar wata alƙaliya.

Tafiyar ba ta yi daɗi ba. Mun fita da hantsi, zafi ya riga ya sauka, gonaki duk an share an ƙone kara ana jiran ruwa. Kusa da dutsen Kwatarkwashi motar ta shaƙe ta mutu, muka gangara gefen titi. Baba ya jira, ya yi bisimilla, ya murɗa, ta tashi. A cikin Gusau ma ta sake yi mana haka a tsakiyar masu babura, suna ta zaginmu da hon. Baba kuwa gumi kawai ke bin gemunsa. Da muka fita gari muka kama hanyar Bungudu na lura yana tuƙi yana motsa baki, ban sani ba ko addu'a yake yi ko lallashin Gwaggo.

Garejin Malam Isa rumfar kwano ce a ƙarƙashin wata bishiyar dalbejiya, wayoyi kala-kala a rataye kamar zaren saƙa. Gajere ne mai fara'a, da tabarau ɗaure da zare. Suka gaisa da Baba da tsokana irin ta waɗanda suka yi kiwo tare, aka ba ni benci da ruwan randa. Kayan aikinsa da na fi tunawa wani ƙwan fitila ne da ya ɗaura wa waya biyu. Sai ya maƙala ɗaya a jikin ƙarfen motar, ya riƙa taɓa wurare da ɗayan, in ƙwan ya kama ya gyaɗa kai, in bai kama ba ya yi tsaki. Baba na riƙe masa, suna bi waya-waya, daga wurin fis zuwa ƙarƙashin sitiyari. Baba yana ba shi labarin makon tun daga farko, har ya zo kan matan unguwa da turarensu, yana dariyar da ba ta kai ciki ba. Ni kuwa da aka aiko in gano, na ga an tsallake wani abu, sai na ce ai har magenmu ma ta tare a wurin motar. Baba ya harare ni. Malam Isa ya ɗago kai daga ƙarƙashin sitiyari ya tura tabarau sama.

"Wane gehe take zama, ɗiyata?"

Na nuna masa tayar baya ta hagu. Ya zagaya, ya ɗaga ƙofar baya, ya sunkuya ya shinshina. Ya kira Baba shi ma ya shinshina. Suka dubi juna. A jikin bangon but ɗin, ta hagu, akwai wata 'yar ƙofa ta roba, wurin ajiye jak na ɗaga mota, wadda Baba bai taɓa buɗewa ba tunda nasa jak ɗin a ƙarƙashin kujera yake zama. Malam Isa ya ɓalle ta. Wani ƙaton ɓera ya yi tsalle ya bi ta tsakanin ƙafafunsa, na yi ihu na haye benci, yaran garejin suka bi shi da duwatsu. Bayan ɓeran sai ɓawon gyaɗa ya zubo, ya yi ta zubowa kamar an kwance bakin buhu.

Da suka cire robar bangon gaba ɗaya suka ɗaga kafet, sai ga aikin a fili. Ashe ta nan damin wayoyin motar ya bi, daga gaba zuwa fitilun baya da famfon mai da ke cikin tanki. Ɓeraye sun yi sheƙa a kai da soson kujera da tsumma, sun gaigaye robar wayoyin har jan ƙarfen ya fito tsirara. Wata ta manne da wata, wata tana taɓa jikin mota in an shiga gargada, wata saura siriri ta tsinke. Sun bi ta ƙarƙashin kafet har gaba, can ma sun ci wayar hon. Malam Isa ya nuna mini da bakin sukundireba, ya ce kin ga wannan, in ta taɓa ƙarfe hon zai yi kuka ko da kowa na barci, wannan kuma ita ke kashe muku mota a hanya. Na duba da kyau, don aikina ke nan. Amma Baba ba wayoyin yake kallo ba. Ya zura hannu cikin ramin ya jawo wani ƙulli. Ta gaba lafiyarsa ƙalau, ɗaurinsa tsaf, ta baya kuwa an huda shi an cinye. Tsohon zane ne mai ruwan bula da ɗigon fari. Na san shi, Baba ma ya san shi, don da shi aka goya shi.

Irin gyaɗar Inna ne. Wata 'yar ƙaramar ja ce mai yawan mai, da ta taho da ita daga gidan uwarta tun tana amarya, tana shukawa tana cire iri kowace shekara. A ƙauye iri ba abin wasa ba ne. Ana zaɓar mafi kyau a girbi, a zuba a tukunya da toka, a liƙe bakin da laka, a tura can ƙuryar rumbu, kuma mai shi ba ta faɗa wa kowa inda yake, ko mijinta, don in bazara ta yi tsanani gida ya ƙare, ido kan faɗa kan iri, a cinye shekara mai zuwa a miya ɗaya. Da aka kawo ta gidan da ba rumbu, ga jikoki masu baki kamar fara, sai ta lalubo wuri da hannunta tun ranar da ta iso, wuri mai murfi, a cikin abu mai ƙarfe, wanda ruwa ba ya shiga. Shan iskar da take yi da la'asar, bayan ta kore ni wasa, duba irinta take yi. Tana taɓa ƙullin ta gaba ta ji shi daram, ta mayar da murfi. Ita a saninta wutar mota a gaba take, wurin inji, me zai haɗa ta da but?

Baba ya zauna a bakin but ɗin, daidai inda Inna kan zauna, da zanen a cinyarsa. Ya fara dariya, dariyar ta yi ta ƙaruwa har kafaɗunsa na rawa, sannan na ga ya sa hular kansa yana share ido. Tun da aka fara abin nan sai ranar na ga ya sauke numfashi. Malam Isa ya yanke duk inda aka ci, ya ƙulla sababbin wayoyi, ya naɗe su da baƙin salatif, ya zura su cikin tiyo, ya cire zaren wayar nan da aka naɗa ya mayar da fis na gaskiya. Ni kuma na zauna a ƙasa da faranti ina tsince ɓawo, ina ware ƙwayoyin da suka tsira. Ba su cika gwangwanin madara ba. Kafin la'asar aka mayar da wayar hon, Baba ya danna, ta yi kuka, ya saki, ta yi shiru. Ban taɓa jin shiru mai daɗin wannan ba.

A hanyar dawowa motar ba ta yi ko tari ba. Damuwar Baba ta koma wani wuri: yaya ɗa zai dubi uwarsa ya ce mata ita ce ta jawo? Da muka kusa gida ya ce mini, ke aka aika, ke za ki ba da saƙo, ni ba zan ce komai ba. Muka same ta a kan tabarma a ƙofar ɗaki. Na durƙusa na sa mata guntun wayar a hannu. Ta bi shi da yatsa, ta tsaya a inda haƙora suka ci, ta sake bi. Na sa mata sheƙar, ta kai hanci ta kawar da kai. Sannan na ɗora mata zanen a cinya. Hannunta na sauka kan ƙullin ta gane ɗaurinta. Ta lalubo hudar, ta zura yatsu ciki. Umma ta tsaya da muciya a hannu, Baba yana can gefe yana kallon ƙasa kamar shi ya yi laifi.

"Mi ya rage?" ta tambaya.

Na miƙa mata gwangwanin. Ta girgiza shi kusa da kunnenta, ta zuba kaɗan a tafin hannu, ta mayar ɗaya bayan ɗaya. Na zaci kuka za ta yi. Sai ta ce, "Ashe ɓera na. To, ɓera dai bai san gaibu ba." Ta ɗaga fuska wajen da take jin numfashin Baba. "Ku hiddo mini zanen hita. Ina son in ga ramin da zan sa sauran."

Washegari da sassafe muka tafi, ranar ƙarshe da likitocin ke yin aikin. Tana baya, ni ina gefenta, gwangwanin a ƙulle a bakin zanenta. Duk hanya hannunta na cikin nawa, amma ba ta ce a juya ba. Ido ɗaya aka yi mata, muka kwana a gidan kawuna a Damba, da safe aka koma aka cire bandeji. Ta daɗe tana ƙifta ido tana hawaye. Ta dubi Baba ta ce ya yi furfura bai faɗa mata ba. Ta juyo kaina ta kalle ni tun daga sama har ƙasa, ta kama haɓata, ta ce ashe hancin kakana na ɗauko, Allah ya ba ni haƙuri. Na yi dariya ina kuka. Da muka fito ta ƙi hannuna, ta taka da kanta har inda motar take, ta zagaya ta, ta ce ita duk zamanta fara take zato, ashe koriya ce, kuma ta fi muni a ido. Da ruwa ya sauka Gwaggo ta kai mu 'Yankuzo. Baba yana sara rami, Inna tana biye tana jefa ƙwaya tana rufewa da diddige, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Ni kuwa da aka 'yanta, na samu duk lokacin carafken da nake so, sai na riƙa samun kaina a ƙofar ɗakinta ba wanda ya kira ni.

Yanzu ina zaune a Gusau da nawa 'ya'yan. Motar da nake hawa in ta yi ciwo na'ura ake jona mata ta faɗi abin da ke damunta, ba mai shinshinawa, ba mai tambayar inda mage ke kwana. Inna ta rasu da idonta a buɗe, ta ga auren Bello, ta ga ɗana na fari. Gwaggo tana nan a gidanmu na Tsafe a kan duwatsu, ba taya, kaji na ƙwai a kujerar direba, Baba ya hana a sayar wa 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe. Gonar 'Yankuzo mun daɗe ba mu taka ta ba, hanyar ba ta shiguwa yadda muke shigarta da, sai dai mu yi ta addu'ar Allah ya dawo da zaman lafiya. Amma 'yar jar gyaɗar ba ta ɓace ba. Kowace damina ina shuka kunya biyu a bayan ɗakina, in cire iri in zuba a gwangwani mai murfin ƙarfe, kuma kowa a gidana ya san inda yake. Har yau in na ji hon ya daɗe yana kuka a titi, nauyin hannun Inna nake ji a kafaɗata.